A Takarda Shi Yayana Ne

Ku matso kusa, masu karatu, abin da zan faɗa yau ba na ɗaga murya ba ne. Sunana Habsa, ɗiyar Magagi manomi. Gidanmu yana bakin Filinge, inda darnin kara ya ƙare gonaki suka fara. Shekarar da ake gardamar ƙuri'ar i da a'a ce, gero ya fara nuna, ni kuma an riga an kai gaisuwar aurena, an ce sai bayan girbi.

Wanda zan aura Kailu muke ce masa a gida. A lakwal kuwa, wato makarantar boko, da Yamai, da Dakar, da kan kowace takarda da ya taɓa samu, sunansa Ibrah Magagi. Shi kuma ainihin Ibrah Magagi yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana can gona yana korar tsuntsaye.

Ga yadda aka yi. Shekara goma sha bakwai da suka wuce kumandan, Nasaran da ke mulkin Filinge, ya aiko a kawo yara lakwal, sunan Yaya ya faɗo a ciki. Baba ya ce ɗansa na fari ba zai zauna gaban Nasara ba. A lokacin akwai maraya a gidanmu, ɗan Albarka mai haƙar rijiya, wanda rijiya ta rufta da shi a Damana. Baba ya sa wa marayan rigar Yaya, ya kama hannunsa ya kai shi, ya ce ga Ibrah. Aka rubuta. Da masu ƙidaya suka zo suka tarar da Yaya a tsakar gida, Baba ya ce wannan Kailu ne ɗan Albarka. Shi ma aka rubuta. Gidaje da yawa a ƙasarmu ta Kurfai sun yi irin wannan musanya, ba wanda ya ɗauke ta laifi. Inna ma ba ta damu ba, don dama ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta na fari da bakinta ba, "wancan" take ce masa.

Ni kuwa ba a rubuta ni ko'ina ba. Duk zuwan masu ƙidaya Baba cikin rumbu yake saka ni, in zauna kan damman gero ina kallon hasken rana ta ƙofar kwari da ɓera, har su tafi.

Kowa ya zaci Kailu zai yi shekara biyu ya gudo kamar sauran yara. Bai gudo ba. Ya gama na Filinge aka kai shi Yamai, ya gama na Yamai aka kai shi Dakar, ya dawo da digirin da suke kira lisansi da tabarau da akwatin ƙarfe mai cike da kwalabe. Ilimin tsuntsaye ya karanta. Tun dawowarsa aikinsa ke nan, ya karɓi tsuntsayen jan-baki masu cin gero hannun masu tarko, ya tsaga maƙoshinsu da 'yar wuƙa, ya zube ƙwayoyin da suka ci kan farar takarda yana rarrabawa da tsinke. Ya taɓa nuna mini ƙwayar wata ciyawa da ba ta fitowa a ƙasarmu, ya ce tsuntsuwar nan shekaranjiya tana can bakin babban kogin da ake kira Isa. Na daɗe ina tunanin wannan magana, yadda abu ƙarami haka yake ɗauke da shaidar inda ya fito a cikin wuyansa.

Wasiƙunsa da ajami yake rubuta mini, don shi kaɗai na iya. Ranar Asabar na tsinci ɗaya a maƙale a darni, wajen da muka saba.

"Habsa, an bugo mini waya daga Dakar. Gobe in an tashi kasuwa zan zo da labari. Ki sa kallabin nan mai ruwan ƙwai."

Na sa shi. Na ɗaura atamfata mai zanen fitila, na sa awarwaron Inna guda huɗu, lallen ƙafata bai gama kodewa ba. Da la'asar ya yi sallama a zaure, farar taguwa da wandon kaki, hular hana-salla a hannu don ya san Baba ba ya son ganinta a kai. Na kai masa hura a ƙwarya, na zauna nesa kaɗan a bakin tabarma.

"Mushe, ina labarin?" na ce, ina tsokanarsa da kiran da ake yi wa 'yan boko da Faransanci.

"Ki bari in sha hura mana."

"Wanda ya ce a sa kallabi ba hura ta kawo shi ba."

Ya yi dariya, ya zaro takarda mai hatimi biyu daga aljihu, ya shimfiɗa ta a gwiwarsa, yana karantawa yana mayar mini da Hausa. Wani gidan bincike ne a Dakar yake neman mutum uku. Ɗaya wanda ya riga ya gama doktora, ya shugabanci aikin. Biyu masu lisansi, waɗanda za su yi bincike shekara uku, su rubuta littafin da za a ba su doktora a kansa. Aikin kuwa a kan jan-baki ne, inda suke kwana, inda suke ƙyanƙyasa, da hanyar da suke bi su faɗo wa gero. Tsohon malaminsa ne ya bugo masa waya ya ce maza ya aiko da dosiye, wato tarin takardunsa.

"Doktoran nan, allura za ka riƙa yi wa mutane?"

"A'a."

"Tsuntsaye za ka yi wa?"

"Habsa, tsaya ki ji sauran."

Sauran shi ne sharuɗɗa. Shekarun mai nema kada su haura ashirin da takwas. Takardar likita. Takardar haihuwa. Mai aure kuma ya haɗa da takardar aure da ta haihuwar matar, a ba shi ɗakin masu iyali da wurin matarsa a jirgin ruwa. Wanda ya shiga a matsayin tuzuru, gidan tuzurai za a sa shi, kuma ba a sake masa har shekara ukun su cika. Kamiyon posta, motar wasiƙu, zai bar Filinge ranar Alhamis da azahar. In dosiyen bai bi shi ba, lokaci ya wuce.

Baba da ke gyangyaɗi a kusurwar zaure ya buɗe ido ɗaya.

"To mi ne wahala ciki? A ɗaura aure Alhamis da sahe, buki bayan girbi. Gobe mu tahi a yi mata takardar."

Na sunkuyar da kai kamar ban ji ba.

Litinin da hantsi muka tafi wurin Kawu Isufu. Ɗan'uwan Inna ne, tsohon tafinta, ya bar aiki yana zama ƙarƙashin wata bishiyar bedi kusa da bariki yana cika wa mutane takardu. Ya bayyana mana cewa wanda ba a rubuta haihuwarsa ba, shaidu biyu yake kawowa gaban alƙalan bariki su rantse, sai a yi masa takarda. Ya tsoma alƙalami a tawada.

"Sunan yarinya?"

"Habsa," in ji Baba.

"Sunan uba?"

Baba ya gyara rawani. "Kai ma ka sani. Magagi."

"Sunan ango?"

Kailu ya miƙa takardar haihuwarsa. Kawu ya duba, ya sake dubawa, ya ɗaga alƙalamin sama har tawada ta ɗiga a kan rigarsa.

"Magagi, zo nan. Ibrah ɗan Magagi da Bintu za shi auri Habsa ɗiyar Magagi da Bintu. Haka kake so in kai ma Nasara?"

"Ai kowa ya san ba ɗana ba ne. Bintu ba ta shayar da shi ba ko sau ɗaya."

"Kowa ya sani, takarda ba ta sani ba. Kai ka gaya mata ɗanka ne."

"To a gaya mata an yi kuskure."

"In anka gaya mata, duk takardun diplom ɗin da yaron ga ya tara sun zama na wanda ke gona. Shi kuwa ko alif na boko bai sani ba. Kai kuma a tambaye ka wa ka kai lakwal."

Wayar tangaraho da ta bi ta saman bediyar tana wannan kukan nata na zuma, na tsaya ina saurarenta don kada in dubi fuskar Kailu.

A gida Inna ta yanke hukunci tun kafin in kwance kallabi. Tana gyaran zogale za ta yi kwaɗon kopto, ba ta ko ɗago ba.

"A ɗaura aure, shi tahi shi kaɗai, ke ki zamna nan. Shekara ukku kamar gobe ne."

"Inna, Hawa maƙwabciyarmu ma haka aka ce mata da mijinta ya tafi Kumasi."

"Kul! Kada ki haɗa Kailu da wancan ɗan caca."

"Shi ma da ya tafi ba ɗan caca ba ne."

Ta jefe ni da karan zogale. Amma na ga ta tsaya da aikin na ɗan lokaci.

Da yamma na tsinci wata wasiƙar a darni.

"Habsa, na yanke shawara. Jibi zan shiga bariki in faɗi sunana na gaskiya. Su riƙe takardunsu. Ina da hannu biyu, Baba yana da gona. Kada ki yi kuka, tsuntsayen ai nan ma suna zuwa."

Na karanta sau uku. Wallahi daɗi na fara ji, ba zan ɓoye muku ba. Wace mace ce ba za ta so a zubar da shekara goma sha bakwai saboda ita ba? Sai na tuna hannunsa a kan farar takardar nan, yadda yake juya ƙwaya da tsinke kamar mai taɓa idon jariri. Na ƙiyasta shi da hauya, bayan shekara biyar, yana kallon garken jan-baki suna wucewa, ni kuma ina kawo masa hura. Ba zai taɓa ce mini komai ba. Wannan shirun ne na ji ba zan iya zama da shi ba.

Washegari ina daka dabarar ta zo mini, tsakanin ɗaga taɓarya da sauke ta. Shi an rubuta shi, ba ya goguwa. Ni ba a rubuta ni ba. Duk uban da aka faɗa ranar da za a rubuta ni, shi ne ubana har abada. In aka ce ni ɗiyar Albarka ce, ba abin da ya haɗa ni da Ibrah Magagi a takarda.

Na jira Baba ya gama kalaci, na durƙusa nesa da shimfiɗarsa na faɗa masa. Na zaci zai yi dariya ya ce ashe na gado shi. Ya daɗe yana kallona.

"Sake hwaɗi."

Na sake.

"Ki shiga gaban mutane ki ce ba ni na haihe ki ba."

"Baba, a takarda ne kawai. Kamar yadda aka yi wa Yaya."

"Wancan aro na bayar, don in tsare ɗana kusa da ni. Ke so kike in ba da ke kyauta ga matacce don ki yi nisa da ni."

"Baba..."

"Sau nawa na ɗauke ki na saka cikin rumbu? Sau biyar. Ina jin tsoro kada maciji shi sare ki, ina tsaye ina yi ma masu ƙidaya dariya. Don kada alƙalaminsu shi taɓa ki. Yau ke da ƙafarki za ki kai musu kanki, da sunan wani." Ya jawo buta. "Ba ni zuwa, ba ni rantsuwa. Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi. Na ɗauki ƙwaryar hurar Yaya na nufi gona, ko da yake ba ranar kai hurata ba ce.

Yaya yana kan rumfar tsaro a tsakiyar gero, yana jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye. Dogo ne, baƙi, ba ya son magana. Shi ne ya amsa sunan Kailu gaban masu ƙidaya tun yana yaro, shi aka kira da sunan nan ranar ɗaukar soja, aka auna ƙirjinsa aka sake shi saboda rauni a ƙafa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, ban kuma taɓa ganin ya zauna tabarma ɗaya da Kailu ba. Na ba shi labari duka yana shan hura.

"Shi ya aiko ki?"

"Bai ma sani ba."

"Kin san abin da nike tunani in na gan shi da tabarau? In ce da ni ne." Ya ja igiya, gwangwanaye suka yi kuwwa, tsuntsaye suka tashi kamar hayaƙi suka sauka can gaba. "Wata rana kuma in ce Allah Ya kiyashe ni, da yanzu ina tsaga cikin tsuntsu."

Na yi dariya ba da niyya ba.

"In anka rubuta ki ɗiyar Albarka, ni mi na zama gare ki a littahinsu?"

Sai a lokacin na lura. A littafin bariki shi ne Kailu ɗan Albarka.

"Yayana," na ce.

"To. Yau shekara goma sha bakwai littahin nan bai hwaɗi gaskiya ɗaya a kaina ba." Ya miƙo mini ƙwaryar. "Ki kira tsohuwa Rakiya da ta yanke miki cibiya, ita ce shaida ta biyu, ni na hwarko. Ki ce ma ɗan bokon naki shi zamna gida gobe, kada shi je shi lalata sunana da na ara mai."

Laraba na sa baƙin saƙin Inna da na ɗauka daga adaka, ba ta hana ni ba, ba ta kuma dube ni ba. Kawu Isufu ya cika takardar, ya ce shi bai ga komai ba, abin da aka faɗa masa ya rubuta. Gardin ƙofa, dogarin bariki, ya gaishe mu da fofo, ya nuna mana benci. Ɗakin yana warin tawada da jemage. Akwai mataimakin kumandan, saurayi mai jan wuya yana fifita da kwali, da alƙalai biyu da ba 'yan garinmu ba, da tafinta.

Aka tambayi tsohuwa Rakiya ko tana nan aka haife ni. Ta ce da hannunta ta karɓe ni, shekarar da aka yi ruwan ƙanƙara ya kashe awaki, daren Juma'a, kuma na zo da gashi kamar ɗan biri. Aka yi dariya, aka ƙiyasta shekara aka rubuta.

Aka kira Kailu Albarka. Yaya ya miƙe. Suka duba littafi, suka same shi. Aka ɗora hannunsa a kan Alƙur'ani.

"Wannan yarinya mece ce gare ka?"

"Ƙanwata ce."

"Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya. Na rantse."

Muryarsa ba ta yi rawa ba, don bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan, an gama ba wanda ya yi saɓo. Sai tafinta ya juyo gare ni.

"Ke, sunanki?"

"Habsa."

"Sunan ubanki?"

Ban san za a tambaye ni ba. Na ɗaga kai, ta tagar da ke bayan Nasaran na hango bediyar Kawu, na hango baƙin rawani a gindinta. Baba ne zaune a kan buzunsa, sandarsa a gicciye bisa cinya, fuskarsa tana kallon tagar. Tsakaninmu bai fi taku ashirin ba, tagar kuma ba ta da gilashi.

"Yarinya, ana jiran ki."

"Albarka," na ce.

"Ɗaga murya, mai rubutu bai ji ba."

Na ɗaga.

Aka shafa mini tawada a babban yatsa, aka danna. Hatimi ya sauka sau biyu. Da muka fito ba kowa a gindin bediya sai Kawu, yana goge alƙalaminsa da gefen riga.

Kailu yana jiran mu a bakin hanya duk da an ce ya zauna gida. Na miƙa masa takardar. Ya karanta sunan ubansa a kai, ya cire tabarau ya daɗe yana goge su. Yaya ya wuce gona.

"Saura ta aure," in ji Kailu. "Gobe da hantsi in an ɗaura, liman ya sa hannu, Baba ya dangwala a matsayin waliyyi a masallaci, yayanki ya dangwala a matsayin waliyyi a bariki. Kafin azahar mun gama."

Na ce to.

Na shiga gida rana tana tsaka. Goron ɗaurin aure yana nan a jiƙe cikin algarara a bakin randa, inda Baba ya ajiye shi da hannunsa ranar Lahadi. Inna tana tankaɗe. Baba yana zaune a inuwar rumbu yana gyaran igiyar guga. Na ɓoye yatsana mai tawada a cikin zane, na durƙusa gabansa kamar kullum.

"Baba, barka da rana."

Bai ɗago ba. Ya gama ƙullin da yake yi, ya ja shi da haƙori ya gwada ƙarfinsa. Sannan ya juya wajen Inna, murya a kwance, kamar yadda yake yi in matafiyi ya sauka a zaure.

"Bintu, ki ba baƙuwa ruwa. In ta huta ki tambaye ta ɗiyar wa ce, da wanda za shi ba da aurenta gobe."